A ba tsofaffin ƴan wasa usur? Na yarda, amma da sharaɗi



A bakans ɗin da ya wuce na je kallon wasan ƙarshe na TGV a wata unguwa. Ana saura minti kaɗan a tashi, arbit ya busa penalti. Kafin ka ce kwabo fili ya cika da mutane, sai a bayan babur aka fitar da shi, rigarsa a yage. Kofin bai samu mai ɗauka ba ranar. Washegari a cikin shirinmu, kusan duk wanda ya bugo waya magana guda yake yi: "Ai wannan bai taɓa buga tamola ba, a ba tsofaffin ƴan wasa usur mu huta!"

Maganar tana da gaskiya a ciki. Wanda ya shekara goma yana wasa ya san faɗuwar gaske, ya san ta ƙarya. Ya san mai tsaron bayan da ya zo neman bal da wanda ya zo neman ƙafa, yana kuma hango rigima tun ba ta tashi ba. Sannan ƙasar nan cike take da irinsu. Ban da ƴan Mena da suka kai mu kofin Afirka a 2012 da 2013, akwai waɗanda suka taka leda a Ɗan Kasawa ta Maraɗi ko Espoir ta Damagaram, yau suna zaune a fada, babu mai tambayarsu. Ko a Ingila, a 2024 an buɗe wani shiri na koya wa ƴan wasa alƙalanci.

Amma jama'a, iya hawan doki daban, iya shari'ar doki daban. Dokokin ƙwallo 17 ne, kuma kusan kowace shekara hukumar IFAB tana yi masu gyara. Ku tambayi tsohon ɗan wasa yaushe taɓa bal da hannu ke zama laifi, ku ji yadda amsoshi za su bambanta. Ɗan wasa ya saba kallon bal. Arbit kuwa sai ya kalli bal, ya kalli mutum 22, ya saci kallon mai tuta, duk a cikin numfashi guda. Ga gudu: alƙalin babban wasa yana yin wajen kilomita 10, ba a kuma canza shi don ya gaji. Wanda ya ajiye takalmi yana da shekara 36 da gwiwa mai ciwo, ina zai kai?

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne zumunci. Ka ba tsohon ɗan wasa usur a garinsu, kocin wannan ɓangare abokinsa ne, kyaftin ɗin wancan ƙanen matarsa ne. Ko ya yi adalci, wa zai yarda?

Tarihinmu ma ya isa darasi. Marigayi Lucien Bouchardeau ya ɗaga sunan Nijar a kofin duniya na 1998 a Faransa, inda ya busa wasan Italiya da Chili da aka tashi 2 da 2. Penaltin da ya ba Italiya saboda taɓa bal da hannu, an daɗe ana gardama a kansa. Wato ko ƙwararre bai tsira daga surutu ba. A ɗaya gefen kuma, a 2019 FIFA ta haramta wa Ibrahim Chaibou harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa bisa laifin karɓar cin hanci. Wannan ba rashin sanin wasa ba ne, magana ce ta amana.

To mafita? A ganina FENIFOOT da rassanta na jihohi su buɗe ƙofa tun da wuri. Yaron da ya bar wasa yana da shekara 24 ko 26 don bai samu kulob ba, shi ya kamata a jawo, ba sai ya tsufa ba. A koya masa dokoki, da Hausa ko Zabarmanci idan Faransancinsa bai kai ba, ya yi jarrabawa da gwajin gudu kamar kowa. Ya fara da wasannin yara da na unguwa, ya hau mataki mataki. Kada a ba shi wasan tsohon kulob ɗinsa. A biya shi haƙƙinsa kan lokaci, don arbit ɗin da ya ranci kuɗin mota kafin ya zo fili, an riga an ajiye shi a bakin jaraba. Masu shirya gasa kuma su tanadi tsaro kafin su tanadi kofi.

Mu ma ƴan kallo da mu masu makirfo akwai namu. In kullum zagin arbit muke a fili da kan iska, wane tsohon ɗan wasa mai mutunci zai yarda ya sa wannan riga? Wanda aka fitar a bayan babur, an ce mini ya rantse ba zai sake busa usur ba. Bakans mai zuwa sai an nemo wani.

Allah ya ba mu zaman lafiya a filayenmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.