Ra'ayi: A yi dariyar sunan gari, amma a rubuta shi daidai

Garin Matamaye, hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, yana da suna ɗaya a bakin mutanensa, amma a takarda sunan ya rabu gida-gida. Wata takarda ta ce Matamèye, wata Matameye, wata Matamey, kafafen labarai na Hausa kuma su ce Matamaye. Ga shi kuma kunnen Bahaushe ba ya barin suna ya wuce lafiya. Da ya ji shi sai ya raba shi biyu, "mata" da "maye", daga nan sai tsokana ta tashi, musamman idan ɗan garin ya faɗa hannun abokan wasa.

Dariyar ba laifi ba ce. Laifin shi ne a tsaya a kanta, a ɗauka abin da kunne ya ji shi ne tarihin gari, alhali dattawan da suka gaji labarin kafuwarsa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ba Hausawa kaɗai ke da sunaye masu sa murmushi ba. A yankin Dorset na ƙasar Ingila akwai wani ɗan ƙauye mai suna Shitterton, wanda duk mai jin Turanci sai ya yi dariya idan ya ji shi. Masanan harshe sun ce asalin sunan na nufin gidan gona a bakin rafin da ake zubar da ƙazanta. Ba sabon suna ba ne, domin yana cikin kundin ƙidayar filaye da dukiyoyi da Sarki William ya sa aka rubuta a shekarar 1086. Masu wucewa sun yi ta sace allon sunan ƙauyen don su kai gida su nuna wa abokai. Da mutanen wurin suka gaji, a 2010 sai suka yi karo-karo suka sayi dutse mai nauyin tan ɗaya da rabi, aka sassaƙa sunan a jikinsa aka dasa a bakin hanya. Ba su nemi a canza musu suna don kunya ba. Sun san daga inda ya fito, suna da takardar da ta tabbatar, saboda haka suka riƙe shi.

A ƙasar Hausa irin wannan kundi ya yi ƙaranci, don haka sunan da kansa shi ne takardar. Wanda ya bi hanyoyin kudancin Nijar da kunnen basira zai karanta tarihi a bakin kwalta. Magarya sunan itace ne da kowane yaro ya ci 'ya'yansa. Dogon Dutsi ya faɗi abin da matafiyi zai fara hangowa. Garuruwan da suka fara da "Gidan", "Garin" ko "Ɗan", irin su Gidan Rumji da Ɗan Isa, galibi suna riƙe da sunan mutum ne ko laƙabinsa. Maraɗi sunan sarauta ne kafin ya zama sunan birni. A Yamai akwai unguwar Bukoki, wadda a yau take cike da gine-gine, amma sunanta bai manta da bukka ba. A Kano kuma, mai zuwa Rijiyar Lemo ko Rijiyar Zaki yana ambaton rijiya ko da famfo ne a gidansa. Hausawa sun ce suna linzami. Na gari ma yana jan mai shi zuwa ga itacen da aka fara zama a gindinsa, ko rijiyar da aka fara gina wa, ko mutumin da ya fara sare dajin.

Sai dai wannan takarda ta sha ruwa. Turawan mulkin mallaka na Faransa sun rubuta sunayen da ƙa'idar harshensu, hukuma kuma ta gaji rubutun bayan 'yancin kai a 1960. Da haka Kance ta zama Kantché, Tasawa ta zama Tessaoua, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Dogon Dutsi ya dunƙule ya zama Dogondoutchi. Haruffa masu ƙugiya kuwa duk sun zube: Birnin Ƙonni ya koma Birni N'Konni, Ɗan Barto na bakin iyaka da Najeriya ya koma Dan Barto. Mai jin Hausa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda ƙugiya ce ta raba baki da baƙi, ta raba bari da ɓari. Yaron da aka haifa a Abidjan ko Marseille, wanda a taswirar waya kaɗai ya san garin kakansa, zai karanta "Tessaoua" ya furta abin da babu ɗan Tasawa da zai amsa masa.

A 'yan shekarun nan hukumomin Nijar sun nuna sun san nauyin suna. A watan Oktoban 2024 aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi na Yamai aka sa na Djibo Bakary. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To idan titin babban birni ya cancanci gyara, allon da ke bakin Kance da Matamaye ma ya cancanta. Da wuya a gamsar da manomi cewa harshensa ya hau kujera, alhali sunan garinsa na nan da rubutun da shi kansa ba zai gane ba.

Za a samu masu cewa ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta allo? Maganarsu tana da nauyi, musamman a gundumar da talauci ya daɗe yana tura mata da yara zuwa Aljeriya. Ba a manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada, akasarinsu daga yankin Kance. Amma a irin wannan yanki ne ma maganar ta fi zama dole. Matafiyi da sunansa da sunan garinsu yake ratsa ofisoshi. Idan takardar haihuwa ta rubuta gari da wani salo, fasfo kuma ya rubuta da wani, jami'in wata ƙasa bai san wasa ba. Abin da ya gani shi ne takardu biyu da ba su yi daidai ba.

Aikin kuma bai kai kuɗin gina gada ba. Na farko, hukuma ta fitar da jeri guda na sunayen garuruwa da rubutun Hausa na daidai, kowanne da tsohon rubutunsa a gefe, allunan hanya su ɗauki biyun. Share tsohon gaba ɗaya zai jefa masu tsofaffin takardu a ƙasashen waje cikin sabuwar wahala. Na biyu, a tattara labarin sunayen. Jami'ar André Salifou da ke Damagaram tana ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin daular Damagaram. Ɗalibanta na tarihi da harshe za su iya zagaya Yawuri, Kurni, Tsauni, Dungu da sauran garuruwan gundumar a lokacin hutu, da waya kaɗai a hannu. Cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968 take aikin adana tarihin baka, ta san yadda ake yi. Gidajen rediyon karkara za su iya buɗe wa masu gari da tsofaffin mata fili. 'Yan gari da ke ci-rani, waɗanda ke tara kuɗin masallaci da rijiya ta WhatsApp, ba za su gaza kuɗin man babur ba.

Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta kowace ruwaya da sunan wanda ya faɗe ta, ko da sun saɓa wa juna. Kaduna misali ce. An saba cewa jam'in kada ne, amma Gbagyi na da tasu fassarar daga harshensu, kuma mai neman gaskiya sai ya saurari duka biyun. Labarin da ya fi ban dariya shi ya fi saurin yaɗuwa, ba lallai ne shi ya fi tsufa ba.

Abokan wasa za su ci gaba da tsokanar ɗan Matamaye, kuma babu dokar da za ta hana su. Abin da ya kamata ya samu shi ne amsar da zai mayar, wadda ya ji daga dattawan garinsu, aka kuma rubuta ta da haruffan da zai iya karantawa.