Dogon Turanci Da Tsoron Da Ba Shi Da Dalili



Ya ku 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani lamari ne da ya faru a gidanmu. Baffana mai ciwon suga ne. Wata rana jikinsa ya rikice, gumi yana keto masa, hannu yana karkarwa. A katinsa na asibiti likita ya taɓa rubuta hypoglycaemia, tare da gargaɗi. Ɗansa, wanda ya gama jami'a, ya karanta ya ce ai suga ce ta hau, kada kowa ya ba shi abu mai zaƙi. Allah ya kawo wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, ta jiƙa sikari ta ba shi, ya dawo hayyacinsa. Hypo a harshen Girkanci ƙasa take nufi, hyper kuwa sama. Glyc daga kalmar zaƙi ta fito, aemia daga haima, wato jini. Kalmar dai cewa take yi zaƙin jini ya sauka. 'Yan haruffa ne tsakanin hawa da sauka, kuma a kansu ran dattijo ya rataya.

Laifin na ɗora shi a kan yadda muke koyon Turanci. Mun kasu gida biyu. Akwai masu hadda irin ta aku, su haɗiye kalma ɗungurungum don jarrabawa, da an fito daga aji ta zube. Akwai kuma masu burga da dogon Turanci a wajen taro, su jefo kalma mai gaɓa bakwai don a ce sun yi boko, alhali da za a tsare su a ce su warware ta, sai ido ya raina fata. Dukkansu sun ɗauki waɗannan kalmomi tamkar tsafi, wanda ake tsoro ko ake tsoratarwa da shi.

Gaskiyar magana, da yawa daga cikinsu gutsattsari ne na Girkanci aka harhaɗa. Tun daga ƙarni na 16 malaman Turai suka riƙa komawa ga Girkanci da Latin duk lokacin da suke neman suna ga sabon abu. Girkawan dā ba su san wayar tarho ba, amma na'urar da Bell ya yi wa rajista a 1876 sunanta daga tele ne, nesa, da phone, murya. Bios rai ne, logos magana ko nazari, sai ga biology. Geo ƙasa, graphein rubutawa, sai ga geography. Idan kalma ta ƙare da itis, kumburi ake nufi: hepatitis na hanta, nephritis na ƙoda, gastritis na ciki. Harafin a ko an a farkon kalma korewa yake yi, shi ya sa anaemia take nufin ƙarancin jini, atheist kuma wanda ya kore samuwar theos, abin bauta. Mono ɗaya, poly da yawa. Demos jama'a, kratos iko, ga dimokuraɗiyyar da ake ta cika mana kunne da ita. Wanda ya riƙe irin waɗannan guda hamsin ya riƙe mabuɗin ɗaruruwan kalmomi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ne ya kamata mu riga kowa gane wannan. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta sarfu ya san daga kaf, ta da ba ake fitar da kitab, katib da maktab. Mun saba da bin kalma zuwa tushenta a Larabci, to me ya sa da mun shiga ajin Turanci sai mu ajiye wannan basira a bakin ƙofa tare da takalma?

Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da harshen Girkawa masu bautar gumaka. Ina tunatar da shi cewa a Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, an fassara littattafan Jalinusu na likitanci zuwa Larabci a hannun Hunainu bn Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, kuma a kansu irin su Ibn Sina suka yi gini. Kalmar falsafa da muke faɗa a Hausa ta zo mana ta Larabci daga philos da sophia, son hikima. Magabata sun karɓi kalmomin, sun auna su, sun ɗauki mai amfani.

Ina kuma gargaɗi: tushe jagora ne kawai, domin ma'ana tana sauyawa da zamani. Atom asalinsa abin da ba ya yankuwa, ga shi kuwa an fasa shi a ƙarni na 20. Don haka a haɗa tushe da ƙamus.

Shawarata, ɗan uwa, ka sami ɗan littafin rubutu. Duk doguwar kalmar da ka gamu da ita, a takardar magani ko a jarida, ka datsa ta gida-gida, ka rubuta ma'anar kowane yanki da Hausa. In wani ya jefo maka dogon Turanci, cikin ladabi ka ce ya warware maka shi.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.