Inshorar Lafiya: Wa Zai Biya Kuɗin Hannun Roba?

A kasuwar katako ta Dei-Dei, da rumfunan kafintoci na Kugbo, da masana'antun Idu, duk a Babban Birnin Tarayya Abuja, ɗimbin ma'aikata ne ke neman abinci da hannuwansu dab da bakin zarto da injin. Ranar da tsautsayi ya sa injin ya cinye hannun ɗayansu, asibiti kan ceto ransa. Abin da kan rage shi ne batun kuɗi, wato wanda zai biya hannun robar da zai mayar da shi bakin aiki.

A rubuce dai, doka ba ta manta da irin wannan mutum ba. Dokar soja mai lamba 35 ta 1999 ce ta kafa Shirin Inshorar Lafiya na Ƙasa, NHIS, wanda ya fara aiki a 2005, kuma ƙa'idojinsa sun sanya gaɓoɓin roba cikin abubuwan da ake biya, bisa sharaɗin su kasance ƙirar Nijeriya. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin shirin da hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ciki har da naƙasassu.

Sharaɗin ƙirar gida bai dace da yadda ake haɗa hannun roba ba. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Inugu, suna da ƙwararrun da ke auna dungulmi su ƙera kwarmin da zai zauna a kansa. Ƙugiyar riƙe kaya kuwa, da mahaɗin gwiwar hannu, da wayar da ke buɗe yatsu, akasari daga waje ake shigo da su. Tun da aka saki darajar Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, farashin waɗannan sassa kuma ya bi ta. Muddin ba a fayyace matsayin hannun da aka haɗa a gida da sassan waje ba, kamfanin da ke kula da inshorar yana da hujjar ƙin biya.

Bugu da ƙari, hannun roba ba saye ɗaya ba ne. Babban mutum kan buƙaci sabo bayan shekara 3 zuwa 5, yaro kuwa girma kan sa ya fi ƙarfin nasa kafin haka. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa da yadda ɗaurin masu ɗorin gargajiya kan ruɓar da hannun yara har a kai ga yankewa. Inshorar da za ta biya wa yaro ɗan shekara 8 hannu ɗaya ta rufe littafi, ba ta biya buƙatarsa ba.

Akwai wata ƙofa ta biyu wadda ta shafi masu kamfanoni kai tsaye. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, wanda ke biyan magani da diyya da gaɓoɓin roba ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Saboda haka ne ƙa'idojin NHIS suka cire irin wannan rauni daga lissafinsu. Ke nan ma'aikacin da maigidansa bai yi masa rajista ba yana iya zuwa ofis biyu ya dawo hannu rabbana, daga nan sai kotu, ko kuma a bar shi da bara a bakin titi.

Masu kamfanonin inshora za su ce kuɗin ya yi yawa, kuma suna da gaskiya ta wani fanni, domin hannu mai aiki da batir kan ci dubban daloli. Sai dai babu mai cewa a saya wa kowa irinsa. Hannun da ake sarrafawa da motsin kafaɗa ya fi araha, ya fi jure ƙura da zafi, kuma ana iya gyara shi a gida. Har ila yau, rasa hannu abu ne da ba ya faruwa kullum amma yakan durƙusar da gida guda, irin asarar da dominta aka ƙirƙiro inshora tun farko. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta fuskar tattalin arziki ma, kuɗin da aka kashe a kan hannun da ya mayar da makanike garejinsa jari ne, don kuwa zai ci gaba da ciyar da iyali da biyan haraji.

Ya kamata hukumar NHIA da Shirin Inshorar Lafiya na Birnin Tarayya su bayyana a rubuce cewa duk hannun da aka auna aka haɗa a Nijeriya ya cancanci biya ko da sassansa na waje ne, su ƙayyade iyakar kuɗi, su haɗa da gyara da sauyi da horar da mai shi, sannan su riƙa sayen sassan da yawa a lokaci guda domin sauƙin farashi.

Su kuma 'yan kasuwa, kafin su sabunta yarjejeniya da kamfanin inshora, wajibi ne su nemi amsar tambayoyi uku a rubuce: ko ana biyan gaɓoɓin roba, har nawa, kuma sau nawa. Wanda bai yi wa ma'aikatansa rajista da NSITF ba ya hanzarta, domin kashi 1 cikin 100 ya fi diyyar kotu sauƙi.