Raddi Ga Masu Cewa Benedict Bai Bar Mana Komai Ba Sai Tabo

Tun ranar 31 ga Disamba, 2022, da tsohon Fafaroma Benedict na 16 ya rasu yana da shekara 95, bakin 'yan Katolika masu ra'ayin sauyi bai zo ɗaya a kansa ba. Wani dattijo da nake ganin girmansa, tsohon malamin makaranta, ya aiko mini da doguwar takarda da yake shirin karantawa a taron 'yan'uwa, inda ya tattara hujjojin ɓangaren da ya fi zafi. Dunƙulen zancensa shi ne, Joseph Ratzinger, wato Benedict, bai bar wa masu neman gyara komai ba sai tabo. Ni ma ba marokin mamacin ba ne, kuma akwai wuraren da zan sallama wa Malam ba gardama. Sai dai wanda zai auna wa mamaci aikinsa, ya fara duba mudunsa tukuna.

Malam ya buɗe da Hans Küng, ya ce Ratzinger ne ya ƙwace masa izinin koyarwa. A nan lissafin shekaru ya kuɓuce masa. An janye wa Küng izinin koyar da tauhidi da sunan coci a Disamba 1979, lokacin Kadinal Franjo Šeper ne ke riƙe da ofishin kare aƙida a Roma. Ratzinger yana Munich yana babban bishop, sai a ƙarshen 1981 aka naɗa shi wannan ofis. Gaskiya ne bai yi adawa da hukuncin ba, amma ba hannunsa ne a takardar ba. Abin da hannunsa ya yi shi ne, wata biyar da hawansa kujerar fafaroma, a Satumba 2005, ya gayyaci Küng zuwa Castel Gandolfo, suka zauna wajen awa huɗu har suka ci abincin dare tare. Fafaroma John Paul na 2 ya yi shekara ashirin da ɗoriya bai ba Küng wannan dama ba. Tsofaffin abokan aiki ne, Küng ma yana cikin waɗanda suka jawo shi Jami'ar Tübingen a 1966. Ba a mayar wa Küng da izininsa ba har ya rasu a 2021, wannan kam a rubuta. Amma a rubuta shi a inda ya dace.

Kan Leonardo Boff, Malam ya yi gaskiya, ba ni da ta cewa. A Satumba 1984 Ratzinger ya kira wannan fada ɗan Birazil zuwa Roma don ya amsa tambayoyi kan littafinsa. Boff bai zo shi kaɗai ba, manyan kadinal biyu na ƙasarsa, Aloísio Lorscheider da Paulo Evaristo Arns, suka rako shi, alamar cewa bishop-bishop na gida ba su ɗauke shi ɗan bidi'a ba. Duk da haka a 1985 aka ɗora masa takunkumin shiru, ba rubutu ba lacca. A 1992 ya ajiye rigar limanci. Charles Curran a Amurka ya rasa kujerar koyarwarsa bayan hukuncin da aka yanke masa a 1986, Tissa Balasuriya na Sri Lanka har fitar da shi aka yi daga coci a 1997 kafin a dawo da shi bayan shekara guda. Laƙabin da Jamusawa suka liƙa wa Ratzinger, wai kadinal tankar yaƙi, ba daga sama ya faɗo ba.

Inda na rabu da Malam shi ne tsallen da ya yi daga nan zuwa cewa mutumin maƙiyin talaka ne. Rigimarsa da tauhidin 'yantar da talaka a kan aron ma'aunin Karl Marx take, haka takardar da ofishinsa ya fitar a 1984 ta faɗa, ta 1986 kuma ta sassauto ƙwarai. Gustavo Gutiérrez na Peru, uban wannan tafiya, an bincike shi amma ba a taɓa hukunta shi ba. Kuma wa Benedict ya ɗora a tsohon ofishinsa a 2012? Gerhard Müller, aminin Gutiérrez, wanda suka rubuta littafi tare. Duk wanda ya karanta wasiƙarsa ta 2009, Caritas in Veritate, wadda ta fito ana tsakiyar karyewar tattalin arzikin duniya, zai tarar da kare ƙungiyoyin ƙwadago da kiran a yi wa cibiyoyin kuɗi na duniya garambawul, har wasu masu ra'ayin jari-hujja a Amurka suka yi ta tsaki. Fayil ɗin neman ayyana waliyyancin Oscar Romero, babban bishop na El Salvador da aka harbe yana cikin Mas a 1980, ya daɗe yana shan ƙura a ofishin aƙida, wannan laifi ne. Amma Vincenzo Paglia, mai bin kadin fayil ɗin, shi da bakinsa ya ce Benedict ne ya buɗe masa hanya a Disamba 2012.

Sai magana mafi nauyi, ta limaman da suka yi lalata da yara. Malam ya yi wa duk fafaromomin kuɗin goro, ya ce Benedict ne sarkin rufa-rufa. A nan an yi tuya an manta da albasa. Kafin 2001, kowane bishop shi ke shari'ar limamansa a cikin gida, mafi yawansu kuwa sauya wa mai laifi wurin aiki kawai suke yi. Ratzinger ne ya matsa har aka tattaro waɗannan ƙararraki zuwa ofishinsa. Marcial Maciel, ɗan Meziko wanda ya kafa ƙungiyar Legionaries of Christ, ya yi shekaru yana shiga fadar Vatican yana fita kamar ɗan gida, masu ƙararsa suna ta bugun ƙofa ba mai buɗewa. A Mayu 2006, shekara guda da hawan Benedict, aka sauke shi daga duk wani aikin limanci a bainar jama'a. A 2011 da 2012 kaɗai an tuɓe wa limamai kusan 400 riga. Shi ne ya zauna ido da ido da waɗanda aka zalunta a Washington a 2008.

Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba a gurfanar da Maciel gaban shari'ar coci ba, an ce wai ya tsufa. Bishop-bishop ɗin da suka yi rufa-rufar, galibinsu ba abin da ya same su. Sannan ga Munich. Rahoton lauyoyi na Janairu 2022 ya same shi da sakaci a ƙararraki huɗu tsakanin 1977 da 1982. Ya fara cewa bai halarci wani zama na Janairu 1980 ba, inda aka yi maganar karɓar wani limami da ake zargi, sai rubutaccen bayanin zaman ya nuna yana wurin, sakatarensa ya fito ya ce kuskuren masu shirya amsa ne. Wannan limami an mayar da shi cikin jama'a, ya sake aikatawa. A wasiƙarsa ta Fabrairu 2022 Benedict ya nemi gafara, amma bai ce ga laifina ba. Da Malam a nan ya kafa ƙararsa, da na zauna a bayansa.

Jawabin da Benedict ya yi a Regensburg ranar 12 ga Satumba, 2006, wanda ya ɗauko maganar wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14 a kan Musulunci, ɓaranɓarama ce babba, mu da muke zaune gida ɗaya da Musulmi mun fi kowa sanin zafinta. Sai dai Malam ya tsaya nan bai ƙarasa ba. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara, a Shuɗin Masallaci na Santambul, mutumin ya tuɓe takalmansa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da muftin birnin suna fuskantar alƙibla, ya sunkuyar da kai shiru. Shi ne kuma ya tura Matthew Kukah Sakkwato a matsayin bishop a 2011, ya ba John Onaiyekan jar hular kadinal a 2012, mutumin da aka sani da zama teburi ɗaya da Sarkin Musulmi.

Hujjar Malam ta ƙarshe ita ta fi ba ni mamaki, wai murabus ɗin Benedict gudun tsira ne. Shekara nawa masu ra'ayin sauyi suka yi suna cewa fafaroma bishop ne mai riƙe da amana, ba wani rabin mala'ika ba? Sun rubuta littattafai, sun yi taruka, ba abin da ya motsa. Sai ranar 11 ga Fabrairu, 2013, wani tsoho ya zauna gaban kadinal-kadinal, ya karanta 'yar takarda da Latin cikin sanyin murya, ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Wata 'yar jarida Ba'italiya, Giovanna Chirri, da ta iya Latin, ita ta fara gane abin da ake faɗa. Rabon da a ga fafaroma ya yi murabus tun 1415. Ranar 28 ga wata, ƙarfe takwas na dare, dogaran Suwizalan suka ja ƙofar Castel Gandolfo suka rufe, suka bar bakin aiki, don wanda ke ciki ba fafaroma ba ne kuma. Kwana goma sha uku bayan nan aka zaɓi Francis ya gaje shi. Eh, bai kyauta ba da ya ci gaba da sa farar riga, kuma littafin da ya fito da sunansa tare da na Kadinal Robert Sarah a 2020 ya ba 'yan adawar Francis makami. Amma da Francis ya taƙaita tsohuwar Mas ta Latin a 2021, wato ya warware abin da Benedict ya ƙulla a 2007, tsohon yana raye cikin harabar Vatican, bai fito ya ce uffan ba.

Don haka, Malam, kafin ranar taro, a taimaka a gyara takardar. A cire hukuncin Küng daga wuyansa, a bar Boff yadda yake, a ƙara wa Munich nauyi don an wuce ta da sauri, sannan a samar wa 11 ga Fabrairu wuri, ko da layi biyu ne.