Kira ga Ma'aikatar Lafiya kan Saiwoyin Dajinmu

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Jamhuriyar Chadi,

Ranka ya daɗe, ni ungozoma ce a N'Djamena, kuma kukan matan da nake dubawa na kawo gabanka.

Da wuya rana ta faɗi mace ba ta zauna gabana ba, kai a sunkuye, ta ce, "Anti, sanyin nan ne ya dawo." Ƙaiƙayi, raɗaɗi, da farin ruwa mai gudaji kamar tsinkakken nono. Galibi ƙwayar Candida ce. A da, fluconazole ɗaya kan wadatar. Yanzu wasu sukan sha, su ƙara, ciwo na nan daram. Kafin su iso gare mu sun gama da kwalin dokta shuku, wato masu sayar da magani a bakin titi, kuma shan magani barkatai ne ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙwayoyin cuta 19 na dangin fungi, wanda Candida ke ciki, ta sa Candida albicans da Candida auris a sahun mafi haɗari.

Idan maganin asibiti ya gaza, sai su nufi kasuwar Dembe, inda ake ƙulle musu saiwar sanya, uwar magunguna, ko ta marke a tsohuwar jarida. Ban raina wannan gado ba, domin a ɗakunan gwaji an ga ruwan waɗannan itatuwa yana hana Candida yaɗuwa. Sai dai kwanon gwaji daban, jikin mace daban. Sanya na da dafi, ga shi ana matsi da ita ba awo, har da masu juna biyu.

Don haka nake roƙo, ranka ya daɗe. A ba Jami'ar N'Djamena kuɗi da kayan aiki ta tace sinadaran saiwoyin nan, ta gwada su kan ƙwayoyin da suka gagari magani a asibitocinmu, ta fayyace adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. A zauna da masu maganin gargajiya cikin mutunci, a rubuta iliminsu da sunansu. A kafa gandun waɗannan itatuwa, domin mai tonon saiwa kan kashe bishiya. A wadata asibitoci da kayan gwaji, mu daina ba da magani da ka.

Allah ya taya riƙo, ya ba matanmu lafiya.

Wassalam,
Wata ungozoma, N'Djamena