RA'AYI: Girman rumbu ba shi ne saurin kwamfuta ba, nasiha ga masu shagunan Gella da Mubi

A hutun da na je gida Gella kwanakin baya, wani ƙanena da ke shirin buɗe shagon buga takardu ya kai ni in ga kwamfutar girke da ya sayo. Abin da ya fara nuna min, cikin alfahari, shi ne rubutun da ke jikin kwalin: terabayit ɗaya. Muka kunna ta, muka zauna muna jira har shayin da aka kawo mana ya huce kafin ta yarda a buɗe shafin rubutu. Mai sayarwar bai yi masa ƙarya ba, rumbun ajiyar yana da girman da aka faɗa. Sai dai ya sayi babban rumbu ne alhali abin da sana'arsa ke bukata shi ne sauri.

Wannan kuskure ya zama ruwan dare, kuma yana cin kuɗin mutanen da ba su da rarar da za su yi asara. Mubi gari ne na ɗalibai. Akwai Jami'ar Jihar Adamawa, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma dubban matasa da ke rajistar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015. Daga Gella, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, har cikin garin Mubi, gidaje da yawa suna cin abinci ne daga kwamfuta ɗaya ko biyu da ke kan tebur. Don haka batun wane rumbu za a saka mata batun jari ne.

Rumbunan iri biyu ne. Na farko shi ne tsohon faifai mai juyawa da ake kira HDD, wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956, lokacin da na'ura mai nauyin kusan tan guda ba ta ɗaukar abin da ya wuce megabayit biyar. Har yau tsarinsa bai sauya ba: faifai ne ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, wata 'yar allura tana shawagi a kansa tana neman inda aka ajiye bayani. Na biyu shi ne SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, domin yana ajiye bayanai ne a ƙwayoyin lantarki irin na filashi da katin waya.

Bambancin saurinsu ba ƙarami ba ne. Faifai mai juyawa na kwamfutar girke yakan karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa idan fayil ɗin babba ne kuma a jere yake. SSD na gama-gari, mai amfani da mahaɗar SATA, yana kaiwa kusan 550, nau'in NVMe kuwa yana haura 3,000. Amma inda mai shago zai ji bambancin a jikinsa shi ne wajen ƙananan fayiloli. Idan kwamfuta za ta tashi, ko za ta buɗe Word ko CorelDRAW, dubban ƙananan bayanai take tattarowa daga wurare daban-daban. Allurar HDD sai ta yi tattaki zuwa kowane ɗaya, SSD kuwa yana isa gare su kusan nan take. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta da aka sauya wa rumbu take komawa tamkar sabuwa, ko da ba a taɓa sauran kayan cikinta ba.

Masu kare HDD suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A kan kowane gigabayit ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma tun da darajar naira ta faɗi bayan sakin ta a watan Yunin 2023, kowane kayan kwamfuta da ake shigowa da shi ya ƙara tsada. Wanda ke ɗaukar bidiyon biki ko yake tura wa mutane fina-finai a waya yana bukatar terabayit biyu ko huɗu, kuma sayen SSD mai wannan girma zai cinye jarinsa. Amma mu tambayi kanmu: shagon da aikinsa buga wasiƙu, kundin kammala karatu da rajista a intanet, me zai zuba a terabayit guda? Kundin ɗalibi da kyar yake wuce 'yan megabayit. SSD mai gigabayit 256 ya ishi Windows da manhajojin ofis da takardun shekaru. Biyan kuɗin sararin da ba za a taɓa cikawa ba kamar gina rumbun buhu ɗari ne ga manomin da ke noma buhu biyar.

Sai kuma yanayin da muke ciki. Kwamfutar girke ba ta da batir, da zarar wuta ta ɗauke ko janareta ya yi tari, sai ta mutu nan take. Kowane irin rumbu na iya lalata fayil ɗin da ake tsakar rubutawa a irin wannan lokaci, shi ya sa ƙaramin UPS ya zama dole. Amma HDD yana da ƙarin rauni na abin da ke motsi: bugu, jijjiga, da ɗaukar kwamfuta a bayan babur ko Keke a kan hanya mai gargada. Ga zafin watannin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. SSD ya fi jure jijjiga, kuma ya fi ƙarancin cin wuta, abin da ke da muhimmanci ga wanda ya koma sola.

Akan ce SSD yana da iyakar rubutu, kuma gaskiya ne. Sai dai a duba lissafin. Samsung ya ba samfurinsa 870 EVO mai gigabayit 500 garantin rubuta terabayit 300. Wanda ke rubuta gigabayit 20 kullum zai shekara arba'in bai kai wannan adadi ba. Haɗarin gaske yana wani wurin: HDD yakan yi gargaɗi da ƙara ko nauyi kafin ya mutu, SSD kuwa yana iya mutuwa farat ɗaya, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Haka nan bai dace a cire shi a jefa a durowa shekara da shekaru babu wuta ba, domin cajin da ke riƙe bayanan yana raguwa a hankali, musamman a wuri mai zafi.

Kasuwa ma sai an buɗe ido. Yawancin kwamfutocin da ke isowa Mubi na hannu ne, sun biyo ta Computer Village a Ikeja ko Farm Centre a Kano bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Kafin a biya kuɗi, a nemi mai sayarwa ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, ta nuna awannin da rumbun ya yi yana aiki da halin lafiyarsa. Idan farashin SSD ya yi arha fiye da hankali, a gwada shi da H2testw, domin akwai jabun da ke nuna girman da ba su da shi. Amma kada a zargi mai kaya idan terabayit ɗaya ya bayyana a matsayin gigabayit 931, wannan bambancin tsarin ƙidaya ne tsakanin masu ƙera rumbu da Windows.

Matsayata dai ita ce: SSD ya ɗauki Windows da aikin yau da kullum, HDD ya zama ma'ajiyar kwafi. Tsohon faifan da aka cire ba shara ba ne, a saya masa gida mai igiyar USB, a riƙa kwafe muhimman takardu a kansa duk mako, a kuma tura mafi muhimmanci zuwa Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta. Mutanen Mubi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan wannan. A ƙarshen watan Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye garin, jama'a sun fita da abin da ke jikinsu kawai, kuma takardar da ke wuri ɗaya tak ta dogara ne ga sa'a. Makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi da ke sayen kwamfutoci da dukiyar jama'a su ma ya kamata su rubuta SSD da tsarin ajiyar kwafi cikin sharuɗɗan kwangila.

Ƙanena ya bi wannan shawara. Ya saka ƙaramin SSD, terabayit ɗinsa ya koma gefe yana riƙe kwafin ayyukan kwastomomi, kuma yanzu kwamfutar kan tashi kafin ya gama share tebur.