"An saya, an sayar" ba doka ba ce

Ƴan uwa matasa, akwai wata magana da dillalan mota suka mayar kamar aya: da zarar mota ta fita daga fili, ba ruwanmu. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina so ku ma ku daina yarda.

Ku duba yadda abin yake faruwa da mutanenmu na Dakoro. Mutum ya sayar da shanu, ko ya kwashe kuɗin shekara uku na cirani, ya sauka Maradi ya sayi mota. An zagaya da shi cikin gari minti goma, komai lafiya lau. Ya kama hanyar Tibiri, tafiyar kilomita sama da 100, kafin ya kai Kornaka giya ta fara zamewa: inji na ihu, mota ba ta gaba. Bayan kwana huɗu bakanike ya ce bwat ta tashi aiki. Ya kira dillali, amsar ita ce: "Ai kai ka shiga rairayi da ita."

Gaskiya rairayi na kashe giya, musamman ta otomatik, duk mai bin hanyar Bermo ya sani. Amma giya mai lafiya ba ta mutuwa cikin kwana huɗu. Wadda ta gaji ce take ɓoye ciwonta idan tana da sanyi, sai man ya yi zafi sannan ta nuna halinta. Shi ya sa gwajin minti goma bai gaya maka komai. Wani ma sai ya zuba mai mai kauri, ya goge alamar matsala da na'ura, ya mai da lambar kilomita baya. Wannan ba wayon kasuwa ba ne, algus ne.

Motocin nan daman tsofaffi suke iso mana. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin kawowa ya ƙaru. Na san dillali ma yana jin jiki. To amma tsadar hanya ba ta halasta masa ya juye asararsa a kan wanda bai san cikin inji ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne dokar tana nan, mu ne ba mu taɓa ta. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa, daga aya ta 1641, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibu, wanda da mai saye ya san da shi da bai saya ba, ko da bai biya wannan farashin ba. Mai saye na da zaɓi: ya mai da mota ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe ta a rage masa. In kuwa mai sayarwa ya san da aibun ya yi shiru, har diyya sai ya biya. Sharaɗi guda, a kai ƙara da wuri, ba bayan wata shida ana "bari mu ga" ba. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da karantar da mayar da kaya saboda aibu. Ko a kasuwar dabbobi ta Dakoro, dillali tsayawa yake a kan saniyar da ya sayar, in ta zama ta sata shi ake nema. Don me dillalin mota zai fi shi ƴanci?

Inda muke faɗuwa shi ne takarda. Mu biya miliyoyi hannu da hannu, shaida sai "Allah ya sa albarka". Gobe a gaban alƙali me za ka nuna? Dillali ya ce ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce. Alhaji ya ce bai taɓa ganinka ba.

Don haka in za ka saya, tafi da bakanikenka, ba na filin ba. Ku hau kwalta aƙalla rabin awa, ku sansana man giya, in ya yi baƙi yana warin ƙuna ku juya. A rubuta sunan mai motar na ainihi, lambar shasi, kilomita, da garanti ko na wata ɗaya a kan inji da giya. Ka karanta kafin ka sa hannu, don layi ɗaya da ya ce "an sayar yadda take" na iya raunana ƙararka.

Ga shugabannin masu sayar da motoci na Maradi kuma, ku mai da wannan takardar ta zama tilas ga kowane fili. Ƙungiyoyin kare masu saye irin ADDC Wadata su ma su leƙo Dakoro, akwai motocin da suka yi wata da watanni a kan dutse bakin gareji, masu su na ci gaba da biyan bashin da suka ci.